Matar Jikin Allo

A Bunkure in aka ambaci Sammani mai fenti, kowa da abin da zai ce. Direbobin tumatir sun ce daga Kura har Garun Malam babu mai rubutu a bayan mota irin nasa. Dattawan gindin darbejiya sun ce yaro ne mai kunya, sai dai hannunsa ya cika zana abin da bai kamata ba. Iyaye mata kuwa albarka suke sa masa, domin tun da Alhaji Sada ya kawo bidiyo da janareto ya buɗe gidan kallo a bayan kasuwa, Sammani ne ya raba su da firgitar yara cikin barci.

Dabarar ba wata mai yawa ba ce. Duk ranar da za a sa fim ɗin tsoro, fuska ɗaya yake zanawa a allon talla: mace mai jajayen idanu da baƙin ɗankwali, baki a buɗe, ga wushirya. Na Indiya ne ko na Turawa, suna kawai yake canzawa, a ƙasa kuma ya rubuta, "YAU AKWAI TSORO. BABU YARA." Ita ce a tasha, ita ce a kan gada, ita ce a ƙofar gidan kallon. Wanda bai iya karatu ba ma ya san ta. Uwa ta hango ta, ta kame 'ya'yanta a gida. Jaji mai gadi ya gan ta, ya ɗauko karansa na awo ya kafa a bakin ƙofa, duk wanda bai kai tsawon karan ba sai dai ya koma, ko da ya rantse yana da mata.

Ummulkhairi ta daɗe tana jin waɗannan maganganu kafin ta ga mai su. Wata safiya tana wanki a bakin kanal ɗin ban ruwa, sai ta ga ruwa yana gangarowa ja wur, ya nufi farin zanen innarta. Ta fizge zanen, ta ɗaga kai. Wani dogon saurayi ne a tsugune can sama yana wanke burushi.

"Malam, jinin wa kake zubar mana a ruwa?"

Ya miƙe a rikice, burushin ya suɓuce ya bi ruwa. Ita ta tare shi da ƙafa.

"Na aljana ne," in ji shi. Sai kuma kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Burushin kuwa ba ta ba shi ba, ta ce in yana so ya zo gida ya karɓa.

Ya zo. Ya kuma zuwa. Sammani ba mai yawan magana ba ne, saboda haka ya mai da bayan kekensa bakinsa. Kullum ya bi ta ƙofar gidansu da sabon rubutu a madigadi. Yau, "Hairi, ina gaisuwa." Gobe, "Hairina, kin tashi lafiya?" Gari duka yana karantawa, ita tana leƙe ta zaure tana rufe fuska.

Malam Isiyaku, mahaifinta, da fari ya ce ba zai ba mai zanen dodanni 'yarsa ba. Sai da matan unguwa suka yi ta aiko masa da bayanin karan Jaji da matar jikin allo, sannan ya sauko. Ya ce in an kwashe alkama a turo magabata.

Matsalar a bakin Kubra ta fara. Kubra bazawara ce, tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar gidan kallon, ga baki ga wushirya. Ranar kasuwa Ummulkhairi ta zo wucewa, Kubra ta nuna allon da ludayi.

"Amarya, tsaya ki gai da yayarki mana. Ke a bayan keke ake rubuta ki, laka tana fallatsar miki. Ni kuwa kin gan ni, a tasha ni, a gada ni."

Masu cin abinci suka tuntsire da dariya. Ummulkhairi ta dubi allon, ta dubi bakin Kubra. Wushirya iri ɗaya, har ɗan karkacewar haƙorin. Ta wuce, har ta manta abin da aka aike ta saya.

Da yamma Sammani ya zo zance, ta ƙi shimfiɗa masa tabarma.

"Wace ce a allonka?"

"Aljana ce, Hairi."

"Aljana mai sayar da shinkafa da wake?"

Shi bai iya ƙarya ba. "Bakin dai na Kubra ne. Lokacin da na fara, na rasa fuskar da yara za su gudu in sun gani. Sai na ga duk yaron da ya matso tukunyarta, tana buɗe baki yake arcewa. Shi ke nan fa."

"Shi ke nan? Ka zauna ka ƙare mata kallo har ka san haƙorinta ya karkace! Ni ka san nawa? Duk mako hannunka yana kan fuskarta, kana shafa mata ja a ido. Ni ko sau ɗaya ka taɓa zana ni?"

"Ke zan tsorata yara da ke, Hairina?"

"Kar ka Hairina ni. Ka goge ta. In ba ka goge ta ba, ka ce wa magabatanka su nufi gindin tukunya."

"Mutane sun saba da ita. In na canza, ba za su gane ba."

"Ba ka rubuta babu yara ba? Su karanta."

Ya ga hawaye a idonta, ya ja kekensa ya tafi.

Sati na gaba allon ya fito da sabon zane: wani tsohon gida a kan tudu, da wata a bayansa. Zane ne mai kyau, har mutane suka tsaya suna yabawa. Rubutun yana nan a ƙasa yadda yake. Ummulkhairi ta bi ta gaban Kubra da gangan, tana tafe tana yauƙi.

Sai dai iyaye mata ba rubutu suke karantawa ba. Sun duba ba su ga mai jajayen idanu ba, suka ce yau na rawa da waƙa ne, suka saki yara. Jaji ma ya duba bai gan ta ba, ya bar karansa a jingine. Sammani kuwa yana Kura yana rubuta wata mota. Bayan la'asar aka tayar da janareto, ɗaki cike da yara. Ba a yi nisa ba wani abu ya fito daga kabari a cikin akwatin talabijin ɗin, yara suka yi ƙofa gaba ɗaya. Aka tattake wasu, wata 'yar maƙwabtan su Ummulkhairi ta goce a hannu. Kwana da kwanaki babu gidan da ba a tofa wa yaro addu'a ba.

Dagaci ya sa aka rufe gidan kallon, ya kira Sammani gaban jama'a.

"Me ya sa ka canza alamar da gari ya sani?"

"Ranka ya daɗe, ganin dama ne kawai. Laifina ne."

Aka juya tambayar ta kowace fuska, bai ƙara komai ba. Malam Isiyaku yana wurin. Da ya dawo gida ya ce wa innar Ummulkhairi, da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki, mutumin da zai yi wasa da 'ya'yan mutane don ganin dama ba za a ba shi amanar mace ba. Maganar aure ta mutu.

Keken ya ci gaba da wucewa ta ƙofar gida, madigadin babu rubutu. Ummulkhairi ta daina cin abinci sosai. Abin haushin, ko a wannan hali in ta tuna Sammani ba shi da aiki yanzu, wataƙila yana zaune kusa da tukunyar Kubra, sai kishi ya taso mata.

Kubra ce kuwa ta tare ta a bakin kanal. Cinikinta ya tsaya tun da aka rufe gidan.

"To uwar kishi, hankalinki ya kwanta? Kin goge ni, kin goge shi, kin goge tukunyata. Wallahi da ni ya rufa wa asiri haka a gaban dagaci, da tuni ina ɗakinsa."

"Allah ya kiyaye."

"To ki buɗe baki, tun ban riga ki ba."

Ummulkhairi ta bar wankin a nan. Ta sami mahaifinta a gona yana buɗe wa albasa ruwa. Ta durƙusa a kan kunyar gonar, ba ta ɗaga kai ba.

"Baba, ni na sa Sammani ya goge matar jikin allo. Ya ce mutane ba za su gane ba, na ce in bai goge ba na fasa."

Malam Isiyaku ya dogara da fartanya, ya daɗe yana kallon ruwan yana bin layi.

"Kuma ya tsaya gaban dagaci bai ambace ki ba?"

"Bai ambata ba."

"Ke da shi duk ba ku da wayo. Amma gara nasa rashin wayon." Ya toshe ruwan da ƙafa. "Tashi ki je ki duba yarinyar nan mai hannu. Ki faɗa wa uwarta abin da kika faɗa mini."

Ta je, ta sha faɗa, ta haɗiye. Malam Isiyaku da kansa ya je wurin dagaci. Aka yarda a buɗe gidan kallon bisa sharaɗi ɗaya: matar jikin allo ta dawo yadda take, har wushiryar, kuma kar a sake taɓa ta muddin ana sa fim ɗin tsoro a garin. Da aka kawo wa Ummulkhairi labari ta cije leɓe, ta ce to.

Bayan an kwashe alkama aka ɗaura aure. Kubra ce ta dafa shinkafar biki, tana rabawa tana cewa kowa ya ci abincin uwargida. Amarya ta ji daga cikin lulluɓi, ta yi ƙwafa, ƙawaye suka danne ta.

Washegari da hantsi innarta da gwaggonninta suka zo sallama. Suka ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, ya rage wa wata zafin zuciya. Aka shafa, aka yi dariya, suka tafi.

Gidan ya yi tsit. Sammani yana tsakar gida yana gyara zaman randa, bai tayar da maganar ba, kamar yadda bai taɓa tayar da ita ba tun ranar dagaci. Ummulkhairi ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana murza bakin mayafi. Ta faɗa wa mahaifinta, ta faɗa wa maƙwabta, shi kaɗai ne ba ta iya duban idonsa da ita ba.

"Sammani."

"Na'am, Hairina."

"Har yanzu ba na son ganin ta a allon nan. Ba na jin zan taɓa so."

"Na sani."

"Amma ni na ja maka kunya a gaban gari, ka faɗa mini ban ji ba." Ta ɗago kai ta dube shi. "Na yi maka laifi. Don Allah ka yafe mini."