Saƙon Muryar da Ya Faɗa Zauren Malamai

"Malama Lubna, ki yi mani haƙuri, amma wanga ba darasi na ba. Ke ɗai kika magana tun farko har ƙarshe."

Lubna ta tsaya cak a gaban allo, riƙe da wayar da ta haɗa da ɗan ƙaramin majigi. Bidiyonta ne ya ƙare yanzu a jikin bango, darasin lissafin rabawa na aji uku, wanda ta sha wahala tana ɗauka tana gogewa kafin ya yi mata. Malaman firamare na Tambuwal da Kebbe da Sanyinna da Dogon Daji, da ke zaune a bencinan yara, duk suka juya wajen mai maganar.

Mujtaba Attahiru ne. Shi ya buɗe guruf ɗin Wasap da suke kira Zauren Malamai, inda kowa ke tura abin da ya gwada a ajinsa don saura su ƙaru. Shi kuma ya kira wannan haɗuwa ta Asabar a Tambuwal.

"Ban ji muryar yaro ko guda ba," ya ƙara da cewa.

Wata malama mai suna Madina, wadda ke taya shi kula da guruf ɗin, ta rufe baki da gyale tana dariya.

Lubna ta ɗaure fuska. Ta zare wayarta a hankali.

"Na gode, Malam. Tun da sassafe nit taso daga Kebbe don in ji haka."

Ba ta jira a tashi taro ba. Kafin motar da ta shiga ta bar Tambuwal, ta riga ta fice daga guruf ɗin.

Cikin satin da ya biyo baya tana tsakiyar darasi sai ta ji tsayuwar babur a bakin aji. Ta leƙa. Mujtaba ne, wandonsa ya sha taɓo har gwiwa saboda hanyar Kebbe a damina, jakar majigin rataye a bayansa.

"Mi ya kawo ka?" ta tambaya, ba ta ko saki fuska ba.

"Haƙuri niz zo ba ki. Maganata ko da gaskiya ta, ba gaban mutane ya kamata in yi ta ba."

"To ka bayar. Sauka lafiya."

"In kin yarda, in zauna baya in ga ajinki..."

Ta so ta ce a'a. Amma shugabar makarantar, Malama Mu'minatu, dattijuwa mai son kowa ya ƙaru, ta riga ta iso tana yi masa maraba. Dole ta bar shi ya shiga.

Da farko ta takura. Can kuma ta manta da shi. Ta zuba wa kowane benci gyaɗa, ta ce su raba ta daidai a tsakaninsu. Nan take aji ya kaure da gardama. Wata yarinya ta ce nata kason bai cika ba, wani ya ce ragowar guda biyun ta mai rabo ce. Lubna na zagayawa, ba ta ba kowa amsa, tambaya kawai take jefa musu har su gano da kansu.

Da aka fita hutun tara, Mujtaba ya same ta a bakin taga.

"Don mi ba ki ɗauki wanga ba?"

"Wanga hayaniyar? Na ɗauka bidiyo sai an yi shi tsaf, kamar na talabijin."

"Malama, shekarata nawa ina koyar da rabawa, ban taɓa ganin yara sun gane ta haka ba. Ki bari in ɗauka. Hannuwansu ɗai da gyaɗar, ba fuskar kowa."

Ta daɗe tana kallon taɓon wandonsa. Sai dariya ta kubce mata.

Ranar ta koma guruf.

Bidiyon gyaɗar ya zagaya makarantu fiye da yadda suka zata. Wani malami a Sanyinna ya gwada da ƙwallon dabino, ya turo nasa. Wata a Dogon Daji ta yi da murafun kwalba. Mujtaba ya bar wa Lubna aron majigin, ya nuna mata yadda ake cajinsa da sola. Ita kuma ta nuna masa cewa dogon bidiyo ba ya buɗuwa a ƙauyukan da sabis ke wuya, sai an gajarta shi yadda za a iya tura wa juna waya da waya in an haɗu ranar kasuwa. Ba komai ne ya yi ba. Wata manhajar tambayoyi da suka gwada ta tsaya cik a tsakiyar darasi, yara suka yi ta kallon farin bango. Amma da Lubna ta fara ɗaukar muryoyinsu suna karatu tana kunna musu, har masu ɓuya a bayan aji suka riƙa ɗaga hannu.

Kullum bayan an tashi, sai ta tsaya gindin tsamiyar bayan makaranta, inda sabis ya fi kamawa, ta saurari saƙon Mujtaba. Tun maganar ta aiki ce zalla, har ta koma, "Kin ci abinci?" da "Yau muryarki kamar kin gaji."

Ba ta gaya wa kowa ba, amma in saƙon ya yi jinkiri sai ta ji ranar ba ta cika ba.

Wata Alhamis da hantsi, malamai na zaune a inuwa lokacin tara, wayoyinsu suka yi ƙara tare.

"Malam Mujtaba ya turo sanarwa," in ji Malama Mu'minatu. Ta kunna, ta ƙara sauti don kowa ya ji.

"Lubnata..." muryarsa ta fito a tausashe. "Na daɗe ina juya maganar ga cikin raina. Ba aiki ɗai ka kawo ni Kebbe ba, ke ma kin sani. Ina son ki, sanyin idona. In kin ba ni izini, in turo magabatana..."

Malama Mu'minatu ta yi ta laluben inda ake kashewa, ba ta samu ba sai da ya kai ƙarshe.



Lubna ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Kalmomin da ta daɗe tana fatan ji ne, amma ga su a kunnen malaman ƙananan hukumomi biyu. Ya tashi tura mata ita kaɗai, hannunsa ya kuskure ya tura guruf.

Ya goge da sauri, sai dai an riga shi. Madina, wadda ta daɗe tana sa ran Mujtaba zai dube ta, ta kwafe saƙon. Ta tura wa mazajen wasu malamai mata, ta tura wa wani ɗan'uwan Mujtaba, tare da cewa ga irin karatun da ake yi a Zauren Malamai.

Kafin sati ya zagayo, matan aure suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya. Mazajensu sun ce ba za su bar iyalinsu a dandalin zance ba.

A gida, mahaifinta Malam Na'iya ya dawo daga gona bai ko ajiye fartanya ba ya kira ta.

"A kasuwa aka kunna mani sunan ɗiyata, Lubna. A kasuwa."

"Baba, wallahi ban..."

"Na san ba ki yi komai ba. Ni na rene ki. Amma wanda bai san ƙofar gidana ba, ya san kunnen duniya? Ban son in sake jin sunanai."

Mahaifiyarta, Dada, ta ja ta ɗaki, ta bar ta ta yi kukanta.

Da yamma Mujtaba ya kira. Ta ɗauka da ƙyar.

"Lubna, ki yafe mani. Na ɓata maki suna, na ɓata aikin da munka gina."

"Mi Malam ya ce?" Tana nufin mahaifinsa, Malam Attahiru, wanda ke ba da karatu a zaurensa a Tambuwal.

Mujtaba ya ce, "Ya ce in rufe guruf ɗin. Ya ce ba shi aikawa neman auren da aka faro da shela."

Ta share hawayenta da gefen hijabi.

"Kada ka rufe."

"To amsar tambayata fa, masoyiya?"

"Ba yanzu ba. Matan ga da sunka fita, wasunsu ba su da inda suka ƙaruwa sai nan. Bari mu fara maido su."

Washegari ta sami Malama Mu'minatu da shawara. Tunda mutane sun ji saƙo guda sun yanke hukunci, to a kira su su ga sauran. Dattijuwar ta ɗauki lamarin kamar nata. Ita da kanta ta bi gidaje tana gayyatar mazajen malamai da iyayen yara, ta kuma aika wa Malam Attahiru gayyata ta girmamawa.

Ranar taron aji ya cika har tagogi. Malam Na'iya ya zo, ya zauna can gefe fuska a ɗaure. Ana shirin farawa sai ga Mujtaba ya shigo a bayan wani dattijo mai farin rawani. Lubna ta gane mahaifinsa ne, Malam Attahiru.

Ta haɗa wayarta da majigi, ta buɗe guruf ɗin a jikin bango.

"Iyayena, ga Zauren Malamai. Ba abin da za ni ɓoye. Duk inda kunka ce in tsaya, in tsaya."

Ta fara ja tun daga farko. Tambayar wata malama kan yaron da ke juya haruffa, da amsoshin da aka ba ta. Hoton agogon kwali da wani ya yi. Muryar wata yarinya tana karatu tana tuntuɓe, sannan muryarta bayan wata biyu tana zubawa ba gargada.

Wani mutum a tsakiyar benci ya miƙe. "Wagga ai Maimunata ta. Malama, a sake sa muna."

Aka sake. Ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

Sai Mujtaba ya nemi izini ya tashi.

"Kuskuren nawa na, ni ɗai. Malama Lubna ba ta san da saƙon ba sai da kowa ya ji. Ina ba Malam Na'iya haƙuri gaban jama'a, tunda gaban jama'a niy yi laifin. Kuma daga yau na sauka daga shugabancin guruf. Malama Mu'minatu ta riƙe, in ta yarda."

Malam Attahiru ne ya gyara zama, ya dubi Lubna.

"Ɗiyata, duk wanga aikin da wayar hannunki kika yin shi?"

"I, Malam. Amma ba ni ɗai ba. Kowa da abin da shika kawowa."

Ya jinjina kai. "An kawo mani magana guda, na hau ta ban bincika ba. Ni da nika hana ɗalibai haka." Ya juya wajen Malam Na'iya. "Malam, in an tashi, ina son ka nuna mani ƙofar gidanka. Yaron ga bai san ta ba, ni za ni koya mashi."

Malam Na'iya ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, amma ta ƙi riƙuwa.

"Gidan ba shi da nisa," ya ce.

Matan da suka fita suka dawo, ba duka ba, amma mafi yawansu. Wasu sun so a cire Madina. Lubna ta roƙi Malama Mu'minatu a bar ta, don a duk guruf ɗin ba wanda ya kai ta iya koyar da Turanci. Madina ba ta ba da haƙuri da baki ba. Darasi ta turo, mai kyau ƙwarai, ta rubuta a ƙasa cewa tana son jin gyaran Malama Lubna.

Ranar da aka ba Mujtaba izinin zuwa zance, ya zauna a zauren gidan su Lubna yana ta murza hula.

"Har yau ba ki ba ni amsa ba."

"Kowa ya san amsar, sai kai?"

"Daga bakinki nika son ji."

Ta sunkuyar da kai. "Ina son ka, Mujtaba. Tun ranar da kaz zo da taɓo har gwiwa." Ta ɗago. "Amma akwai abu guda. Ban iya barin 'yan ajina yanzu da sunka fara kama karatu."

"Na sani, rabin raina. Shi ya sa nin nemi a maido ni wajen Kebbe. Na ma ga gida, nan bayan masallacin unguwarku."

Ta dube shi, ta yi murmushi.

Bayan an gama girbin gero aka ɗaura aure. Malamai suka zo daga Sanyinna da Dogon Daji da Tambuwal, wasunsu ranar suka fara ganin fuskokin waɗanda suka daɗe da sanin muryoyinsu.

Da la'asar aka zo ɗaukar amarya. Lubna ta rungume Dada ta fashe da kuka kamar yadda amare ke yi, ƙawaye na ta rarrashi. Dada ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗaga gefen lulluɓin ta raɗa mata a kunne.

"Ke, kukan mi na haka? Lungu guda na tsakaninmu. In kin ƙona tuwo ma sai na ji ƙauri."

Kafaɗun amarya suka ci gaba da rawa a ƙarƙashin mayafi har aka fita da ita. Ƙawayen suka ɗauka kuka ne, ba su san dariya take yi ba.