Kwabban Jamus na Kaka Saani

Akwai wata yarinya a unguwar Parkchester ta birnin New York, 'yar aji huɗu. Rawar kai gare ta. Ba ta iya ganin abu ta bar shi yadda yake.

Kakanta Saani ya yi aiki a birnin Hamburg na Jamus kafin ya zo New York. Yana tara tsofaffin kwabban Jamus na jan ƙarfe, waɗanda ake kira fenik. A gwangwanin shayi yake ajiye su.

Ran Litinin Malama Zalia ta ce, "Ran Juma'a kowa ya kawo abin da ake tarawa a gidansu. Wanda ya fi burgewa za a sa shi a akwatin gilashi na bakin makaranta."

Yarinyar ta ƙwallafa rai a kan akwatin nan. Ta roƙi Kaka, ya ba ta aron kwabo goma.

Da ta duba su sai ta yamutsa fuska. Duk sun yi baƙi. Ta ɗauko lemon tsami da gishiri, yadda Mama ke goge tukunya. Ta dirje huɗu har suna ƙyalli.

"Kaka, duba! Na mayar maka da su sababbi!"

Kaka ya sa tabarau. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Jikalle, wa ya aike ki? Baƙin nan shi ne shekarunsu. Ba a goge tsohon kwabo. Dubi yadda gishiri ya karce zanen ganyen da ke jikinsu."

Ya kwashe su duka, ya rufe gwangwani. Ta yi ta kuka, don ta san ta yi ɓarna.

Washegari ta durƙusa gabansa. "Kaka, ka yafe mini. Koya mini yadda ake riƙe su."

Ya harare ta, sannan ya yi dariya. Ya nuna mata a gefe ake kama kwabo, kowanne kuma da 'yar takardar da ake naɗe shi. Sannan ya sake ba ta aron goman.

Ran Juma'a ta jera su layi biyu a gaban aji.

"Waɗannan shida Kaka ne ya adana su," in ji ta. "Waɗannan huɗu kuwa ni na lalata su. Ku duba bambancin."

Yara suka yi ta leƙe. Aji ya ɗauki tafi.

"Naki za mu sa a akwati," in ji Malama Zalia. "Layi biyun duka."

Murna kamar ta tashi sama! Kaka da kansa ya zo makaranta, ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan'uwa a Kumasi.

Daga ranar ta gane: kafin ka gyara kayan wani, ka fara tambayar mai shi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka.