Faci Mai Kusurwa Uku

Magariba ta kawo kai, mai faci na tattara kayansa, sai ga wani ya turo babur, hular kwano a kansa.

"Doguwar tafiya ce a gabana. Duba min tayar baya."

Muryar kamar daga rijiya. Mai faci ya zaro tif ɗin, ya tsoma a ruwa. Kumfa ta taso daga gefen wani tsohon faci mai kusurwa uku. Mai faci ya ƙura wa facin ido. Shi kaɗai ke yanka faci haka, kuma wannan a gurguje ya liƙa wa ƙaninsa, ranar da taya ta fashe a hanya aka kawo gawarsa.

Baƙon ya sunkuyo, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yaya, wannan karon ka bari sholishon ya bushe."