Farin Ƙyalle a Gindin Tsamiya

La'asar ta yi sakaliya, zafin bazara ya fara sakin gari, amma ko ganye ba ya motsi. Ramla ta ja ta tsaya nesa da tsohuwar tsamiyar bayan garin Gangara.

Ga Barmo can a durƙushe, saurayin da take ji har cikin ranta, yana warware wani ƙyalle a ƙasa.

Fari fat. Sabo dal.

Ashe dai gaskiya ne...

"Sanyin idona, ƙaraso mana," ya ce da murmushi, kamara rataye a wuyansa. "Rana za ta tsere mana."

"Mene ne wannan?"

"Alawayyo ne."

"Na ga alawayyo ne, Malam. Na mene ne?"

Da ya ji ta ce Malam, ya san akwai magana.

Maganar kuwa tun jiya ta shigo gidansu Ramla. Abdulgafar mai butik ɗin atamfa ne ya zo gaida Umma, mahaifiyarta. Ya daɗe yana son Ramla, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

"Ni dai ba gulma na kawo ba, Umma," ya ce yana sunkuyar da kai. "Yaron nan mai hoto ya zo ya ce in yankar masa alawayyo, irin wanda muke yanka wa masu rasuwa. Na ce wa aka rasa? Ya ce ba kowa, na Ramla ne. Wai gindin tsamiya zai kai ta, gab da almuru."

Umma ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Hoto, likkafani, tsamiya, almuru! Me ya rage? Ke, daga yau ba ke ba shi!"

Ramla ta kwana tana juyi. Yau kuma ta saci jiki ta fito don ta gani da idonta. To ga shi ta gani.

"Wane boka ne ya aiko ka?" ta tambaya.

"Boka?"

"Ni da na riga na ba ka zuciyata, me za ka nema a wajen aljanu?"

Barmo ya miƙe a hankali. Shi dama ba mai saurin baki ba ne.

"Ramlatu, kin san kamarar nan yayana ne ya aiko min da ita daga Agadas, ban daɗe da fara koyo ba. Hotunan da na yi da tsakar rana duk sun lalace. Ido ya faɗa rami, goshi yana ƙyalli kamar an shafa mai. Sai na ga wani mutum a wayar salula yana koyarwa. Faransancinsa ya fi ƙarfina, hannunsa kawai nake bi. Yana da wani farin abu kamar faifai, da shi yake tare rana ya mayar da ita fuskar mutum. Na zaga kasuwar Tanut ban samu ba, shi ne na sayi yadi."

"Tsamiyar fa?"

"Ita kaɗai ke da inuwa mai kauri. Ta aduwa huji-huji ce, sai ta zana miki ƙyanda a fuska."

"Almurun fa?"

"Lokacin ne rana take yin laushi."

"Komai kana da amsarsa," ta ce tana ja da baya. "Mai asiri ma ai ba ya rasa amsa."

Ta ga yadda maganar ta soke shi. Ya dubi ƙyallen, ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Ni za ki ce wa haka?"

Ta so ta ruga ta ba shi haƙuri, amma ta dake.

"In gaskiya kake, gobe ka zo gidanmu. Ka yi a gaban Umma."

Ta juya tana share hawaye da bakin mayafi.

Washegari da yamma ya yi sallama a ƙofar gida. Umma tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, fuska ba annuri. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Karanta Ƙulhuwallahu in ji."

Ya karanta.

"Ƙara da Falaƙi da Nasi."

Ya ƙara. Ta karɓi ƙyallen da yatsu biyu, ta shinshina, ta ɗaga shi sama ko akwai rubutu, ta tofe shi da addu'a.

"Ba 'yata za ka ɗauka ba," ta ce. "Ni za ka ɗauka. Abin da zai ci ta, ya fara cina."

"Umma!" Ramla ta ce a firgice.

"Rufe min baki!"

Barmo ya roƙi Umma ta matsa jikin rumbu, ta ba rana baya. Ta matsa tana harararsa. Ya ɗauki hoton farko ba ƙyalle, fuskar ta fito duhu, sai fararen idanu. Ya ɗauki na biyu, kamarar ta motsa, ta fito kamar ana kallonta cikin ruwa.

"Wannan ne aikin?" in ji Umma. "Ai ko na katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa, ya fi shi, wanda na fito kamar an kama ni da satar akuya."

Gumi ya karyo masa. Ya miƙa wa Ramla ƙyallen.

"Riƙe nan, don Allah. Ki tare rana da shi, ki karkata kaɗan-kaɗan."

Ta karɓa. Ta yi bisimilla a ranta, ta karkata shi.

Sai ta ga wani haske mai laushi ya taso daga ƙyallen, ya hau haɓar Umma, ya hau kumatunta, ya shiga idanunta. Ta mayar da hannu, hasken ya tafi. Ta sake karkatawa, ya dawo.

Rana ce. Rana ce kawai, kuma a hannunta take!

Kunya ta rufe ta har ƙafa.

Barmo yana ja da baya yana leƙen kamara, bai ga kwanon tsakin kaji ba. Ya taka shi, ya tafi ya zauna daɓas, kaji suka watse da kuka. Umma ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata ba.

Ƙyas!

Daga zaunen ya ɗauka.

Ya rarrafo ya nuna mata. Umma ta ƙura wa hoton ido, dariyar ta tsaya.

"Wannan ai Inna ce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mahaifiyata. Haka take dariya, har wushiryar. Ta rasu ba mu da hotonta ko ɗaya."

Ta goge ido da gefen zane, ta sake ɗaure fuska.

"Tsamiya dai ban yarda ba, ka nemi wata inuwar. Ƙyallen nan kuma a kai wa tela ya yi masa baki da jar atamfa, ya daina kama da abin da yake kama da shi."

"To, Umma."

"Ka kuma gaya wa kawunnanka, ƙofata a buɗe take. Ke kuma, in Abdulgafar ya sake zuwa gaisuwa, ki ce ina barci."

Ramla ta matso tana ninke ƙyallen, ta kasa ɗaga kai.

"Ka yafe ni, masoyina..."

"Malam dai," ya ce.

"Kai, don Allah!"

"Na yafe. Amma kin zama mai riƙe min rana, har tsufa."

Aka kira magariba. Ramla ta ɗebo masa ruwa a buta, ya ajiye kamarar a kan tabarma, suka nufi zaure suna magana ƙasa-ƙasa. Wani ɗan akuya ya lallaɓo ya fara taunar igiyar kamarar. Umma ta kore shi da carbi, ta ɗauki kamarar da hannu biyu, ta ɗora a kan turmi, ta kifa mata ƙwarya. Sannan ta shiga ɗaki ta tada salla.