Wanda Ya Karɓe Sunan Garbey

A Zabarmancinmu, garbey aduwa ce. Shi ne kuma sunan ƙauyenmu, saboda tsohuwar aduwar da ke bakin rijiya. Shi ne sunana na uku, don da shi aka rubuta ni a makaranta, ni ma da shi na rubuta yaran ƙauyen shekara talatin da huɗu.

Bara magajin gari ya sa aka tumɓuke allon sunan daga gindin aduwar, aka kafa shi a sabuwar unguwar bakin titi. Bai tambayi kowa ba. Na rubuta masa takarda uku, ko ɗaya bai amsa ba.

Ran Alhamis ina dawowa daga gaisuwar mutuwa a keke, rana na faɗuwa. Matata Gambi, mai kirana Mushe kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ta ce mini da safe, "Mushe Nyandu, ka bi titi. Taurin kanka ba laya ba ne." Na bi ta rijiya, hanyar ubana Tinni.

Dab da aduwar, sarƙar keke ta zame. Kwaɗi suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika mini hanci.

Guga ya soma hawowa daga rijiya. Babu mai ja.

"Ɗan Tinni," in ji wata murya daga cikin ƙayar aduwar, ƙasa-ƙasa. "Aro na ba kakanninku sunana. Kun kai shi titi. Ajiye naka sunan."

Na ce, "Baba, ba ni na cire allo ba. Je ka ofis!"

"Kai ka raba shi ga yara."

"Na raba. Kuma ba zan ajiye ba."

Wani abu mai sanyi ya kama harshena. Na yar da keken. Na ruga.

Tun ranar bakina ba ya iya furta sunan, sai dai hannuna ya rubuta. Tsofaffin ɗalibaina su bakwai sun zo da wannan ciwon, har da mai kiran salla.

Don haka, magajin gari, wannan ce takardata ta huɗu gare ka, kuma ba roƙo nake ba. Ka mayar da allon inda ka same shi kafin Alhamis. In ka ƙi, ni da mutum bakwai za mu tumɓuke shi da rana tsaka, mu mayar da shi gindin aduwar. In mai aduwa ya tambayi wanda ya cire, bakina na iya furta naka sarai.