Mai Jar Hula, Mai Rowar Dariya

"Ka goge ta, Obadiah! Yanzun nan!"

Jemimah na tsaye a ƙofar sitidiyonsa da ke Samaru, ɗankwali a hannu, idanunta sun kaɗa sun yi jajir.

"Zuciyata, ki zauna tukuna..."

"Kada ka ƙara ce mini zuciyarka!"

Kiɗan kwamfuta ne sana'ar Obadiah, kuma bai daɗe da sakin albam ɗin waƙoƙin wani fim ba. Waƙar ƙarshe muryar marigayiya Liya ce, mahaifiyar Jemimah, tana rerawa a kan dutsen niƙa. Jemimah ce ta ba shi abin da ta taɓa ɗauka a waya don ya tace mata. Shi kuwa gogan, garin neman gira, sai ya ɗora wa muryar kiɗa ya sake ta duniya.

"Na ɗauka za ki ji daɗi..."

"Waƙar niƙa ce fa! Mace ta amayar da ciwon ranta, miji ya ji ya yi kamar bai ji ba. A tsakar gida take mutuwa. Kai kuma ka kai ta kasuwa!"

Haifaffen kwatas ɗin jami'a, ina zai sani? Zaƙin murya kawai Obadiah ya ji. Bai tambayi wane ne "mai jar hula, mai rowar dariya" da waƙar ke ambata ba, alhali kaf Sabon Gari an san jar hular da Baba Abarshi, mahaifin Jemimah, ke zuwa coci da ita.

"Mawaƙiyar nan taka Princess ce ta kai masa waƙar har gida," in ji Jemimah. "Ka cire muryarta ka sa ta Mama, ga shi dama sonka take yi. Baba ya ce kada manyanka su tako masa gida neman aurena."

Kuka ya ƙwace mata. Tana son wannan sakaran, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Gyaran murya suka ji a bakin ƙofa.

Baba Abarshi ne, kansa ba hula.

Obadiah ya zube ƙasa.

"Baba, na yi kuskure, a gafarce ni..."

"Tashi. A gabana za ka goge."

Obadiah ya buɗe waƙar a kwamfuta. Ya cire ganga, ya cire sarewa, ya cire duk ƙyale-ƙyalensa, har ya rage muryar kaɗai da gurzar dutse. Jemimah ta runtse ido. In muryar nan ta tafi shi ke nan, don ita ma tsohuwar wayar ta riga ta mutu.

Muryar ta wuce inda albam ya yanke ta, ta ci gaba:

"Mai jar hula, ko da sarki ba na musanya,
In ya murmusa ni kaɗai ke gani."



"Tsaya," Baba ya ce. "Wannan daga ina?"

"Ƙarshen waƙar ne, Baba," Jemimah ta amsa a hankali. "Kullum da shi take rufewa."

Tsoho ya lalubi kujera ya zauna.

"Ni da ta fara nake ɗaukar kekena in fice... Ban taɓa kaiwa nan ba."

Bai ɓoye hawayensa ba. Jemimah ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa, tausayinsa ya cika ta.

"Maimaita."

Obadiah ya maimaita.

"Wato zagin ka kai wa duniya, yabon ka bari a aljihu?"

"Fim ɗin ne ya yi gajere, Baba..."

"To ka tsawaita shi!"

Ya miƙe, ya share fuska da bakin riga. Sai da ya kai ƙofa ya juyo, ya dubi 'yarsa, sannan ya harari Obadiah.

"Manyanka su zo ranar Asabar. Kuma ka rage wannan gangar taka, tana danne wa matata murya."