Mutumin da Ya Tsuguna a Bakin Titi

A wani gari can, an yi wani mutum mai tsara tituna. Ya yi wani titi mai faɗi, ya shuka furanni a gefensa, suka girma har ƙugun babban mutum. Duk wanda ya wuce sai ya yaba masa.

Wata rana da safe ya zo duba aikinsa, sai ya ga wata ƙaramar yarinya da jakar makaranta tana tsaye a bakin titin. Ta sa ƙafa ta janye, ta sa ƙafa ta janye.

Ya ce, "'Yan mata, ki tsallaka mana, ai ba mota."

Ta ce, "Baba, kai ne kake gani. Ni ganye kawai nake gani."

Mutumin bai yi mata faɗa ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna daidai tsayinta. Ya duba dama, ganye. Ya duba hagu, ganye. Yana nan tsugune wata mota ta wuce fuu, bai ga zuwanta ba, iskarta kawai ya ji.

Wani mai shayi ya yi dariya ya ce, "Alhaji, me ya faɗi ne? Mu taya ka nema?"

Mai tsara titin ya riƙe hannun yarinyar ya tsallakar da ita. Ya dawo ya ari adda, ya sare furannin nan da kansa har ƙasa.

Mai shayi ya ce, "Haba Alhaji, ai ka ɓata adon titinka."

Ya share gumi ya ce, "Ba komai. Gobe ba na nan, kuma ita kaɗai za ta tsallaka."